Hukuncin kartar poka ta waya idan ana sayen kuɗin wasan

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni ɗalibi ne a Gwammaja, kuma kwanan nan abokaina suka fara koya mini wani nau'in kartar poka mai suna Texas Hold'em a waya. Ba da kuɗin gaske muke yi ba, manhajar ce ke ba da kuɗin wasa kyauta, sai dai sau biyu nawa suka ƙare na sayi wasu na naira 2,000, kuma wani abokinmu yakan saya daga wanda ya tara da yawa ya tura masa kuɗi. Sun ce ƙwarewa ce, ba caca ba. Mene ne hukuncinta?

Amsa: Ɗana, Allah Ya yi maka albarka da ka tambaya tun kana sabon hannu. Haramcin caca ba ya buƙatar dogon bayani, ayar Ma'ida ta 90 ta wadatar. Abin da ya tsayar da ni a wasiƙarka shi ne maganar da ka faɗa a gurguje, cewa ka saya kuma ana sayarwa. Duk abin da ake saya da naira kuma ake iya mayar da shi naira, dukiya ce ko da a fuskar waya yake, don haka zancen "kyauta" ya ƙare ranar da ka sa lambar katin bankinka. Abin da kuke yi yanzu caca ce tsantsa.

Maganar ƙwarewa kuwa, wasu masu rubutu sun riƙe ta da ƙarfi, saboda haka bari mu duba yadda wasan yake. Ana yin wasan da katuna 52, kowa ya sami biyu a ɓoye, sannan a buɗe biyar a tsakiya waɗanda kowa ke tarayya a cikinsu, uku a tare, sai ɗaya, sai ɗaya, kowa ya haɗa biyar mafi ƙarfi daga bakwai ɗin. Tun kafin a ga kati, mutum biyu sun zuba kuɗin dole, kuma ana sake zubawa alhali ba wanda ya san abin da zai fito. Ban musa cewa gwani ya fi sabon shiga lissafi ba, amma lissafinsa bai taɓa sauya katin ƙarshe ba, kuma wani ɓangare na gwanintar burga ce, wato mai katuna marasa ƙarfi ya zuba da yawa don mai ƙarfi ya tsorata ya janye. Ko da ma an sallama musu cewa duk ƙwarewa ce, hujjarsu ba ta tsaya ba, domin illar ita ce kowa ya sa dukiyarsa, ɗaya ya kwashe, sauran su tashi hannu rabbana. Shaɗaranji, wato wasan chess, babu sa'a a cikinsa, amma malamai sun haɗu a kan haramcin zuba kuɗi a kansa, kuma hadisin da ya yi rangwame a kan ladan tsere ya taƙaita shi ga raƙumi da doki da harbin kibiya. Karta ba ta cikin waɗannan.

Ko babu sisi a ciki ma ba zan ce ka ci gaba ba. Malamin tafsiri Ƙurɗubi ya naƙalto daga Imamu Malik cewa maisir, wato wasan da waccan ayar ta hana, iri biyu ne, na shagala da na caca, kuma Risala da ake karantawa a zaurukan Kano ta hana wasan nardi (wasan allo da ake jefa ƙwayar dayis) da shaɗaranji. Waɗannan manhajoji da sayar da kuɗin wasa suke ci, shi ya sa suke ɗanɗana maka kyauta tukuna, kamar mai kamun kifi da tana. Na kuma lura ba ka faɗi lokacin da kuke yi ba. Idan bayan isha'i ne har tsakar dare, ka tambayi kanka ina asubarka da karatunka suka kwana.

Ka goge manhajar, ka cire katin bankinka daga wayar, ka tuba, kada kuma ka sayar da abin da ya rage maka don mayar da hasara. Idan ka taɓa karɓar naira daga wannan aboki ka mayar masa, wanda ba ka san mai shi ba kuma ka fitar da shi ga mabuƙata da niyyar rabuwa da shi. In kai ka taɓa gayyatar wani zuwa wasan, ka yi sadaka daga halalinka kamar yadda hadisin Bukhari da Muslim ya umarta. Wallahu a'alamu.