Anti, wane miksa zan saya?

Tambaya: Salam Anti, ina ɗan yin kek da cincin na sayarwa a gida nan Jos, wallahi hannuna ya gaji da kwaɓi, miksa mai tsayawa da kansa nake so in saya amma ban san wanne ba. Daga ƙanwarki a Unguwar Rogo.

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata. In kek kaɗai ne ai ƙaramin na hannu ma ya isheki, amma kwaɓin cincin da burodi tauri gare shi, shi ke ƙona ƙananan injuna, sai ki ji yana gurnani yana warin roba. Ki nemi mai kwanon ƙarfe lita 5, kuma ki tabbatar ya zo da kai uku, ƙugiyar kwaɓi, na bugun ƙwai da na haɗa bota da suga. Ki ɗaga shi ki ji nauyi, mara nauyi rawa yake a kan tebur.

Sai batun wuta, don Allah ki duba bayansa. Ƙarfin wutarmu volt 220 zuwa 240 ne, miksan kamfanin KitchenAid ɗin da ake kawowa daga Amurka kuwa 120 ne, kina jonawa babu taransifoma shi ke nan ya tafi. In a kasuwar Terminus za ki saya, a kunna miki shi a shago kafin ki biya.