'Yan wasana suna son buɗe shagon kayan sihiri: in bar su ko in hana?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Mu biyar ne muke haɗuwa duk Asabar muna buga Dungeons & Dragons, wasan tebur na ba da labari da kowa ke jan jaruminsa, bugu na biyar, ni ke jan wasan. Jaruman sun kai mataki na shida, suna da zinari kusan 3,000 da wasu kayan sihiri da ba sa amfani da su. Yanzu ɗayansu ya kafe sai sun kama shago a birni sun riƙa saye da sayar da irin waɗannan kaya, sauran kuma sun mara masa baya. Tsorona biyu ne: kada shagon ya zame musu rijiyar kuɗi, kada kuma su sayi abin da zai sa kowane faɗa ya zama wasan yara. In hana su ne? In na bar su, da wane farashi zan yi aiki?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka hana su. Mai jan wasa yakan shafe watanni yana neman abin da zai ɗaure 'yan wasansa da wani gari, ya sa su damu da mutanen cikinsa, ga naka sun kawo maka shi da kansu. Wanda ya kama shago ya yi maƙwabta, ya yi mai haya, ya yi abokan gaba, ya kuma ajiye abin da zai ji zafi in an taɓa. Abin da za ka gyara shi ne hoton shagon da ke kansu. Suna hango tireda mai kanta cike da takubba masu walƙiya, kowanne da farashi a manne. Kai kuwa ka ba su dillanci.

Bari mu fara da tsoronka na farko, domin lissafin littafin kansa ya isa ya kwantar maka da hankali. A Dungeon Master's Guide na 2014, wato littafin jagorar mai jan wasa, riƙe shago yana cin zinari 2 a rana, har da albashin ƙwararren ma'aikaci guda. In jarumi ya zauna yana kula da sana'ar, sai a jefa ɗan ludo na ɗari, mai ba da lamba daga 1 zuwa 100, a ƙara yawan kwanakin da ya yi, amma ba a wuce 30. A ce ya yi wata cur. In jimillar ta tsaya tsakanin 31 da 40, zai biya rabin kuɗin riƙon daga aljihunsa, zinari 30 ke nan. Daga 41 zuwa 60 shagon ya ci da kansa, ba riba ba faɗuwa. Daga 61 ne riba ke farawa, kuma ko an haura 90, iyakar abin da zai samu zinari 150 ne. Na zauna na haɗa lissafin duka: a tsaka-tsaki wata yana kawo kusan zinari 38. Kwalbar maganin warkarwa guda ɗaya zinari 50 ce. Ka ga ke nan cinikin yau da kullum ba zai azurta su ba, kuma haka ya kamata, tunda kogo ɗaya da suka shiga zai fi musu shekarar zaman shago.

Kuɗin gaske yana cikin manyan kaya, a nan kuma sai ka tambayi kanka: wa zai saya? Ƙwararren ma'aikaci a duniyar wasan zinari 2 yake samu a rana, lebura kuwa azurfa 2, wato kashi ɗaya cikin goma na wancan. Littafin ya kasa kayan sihiri gida biyar. Na gama-gari daga 50 zuwa 100, wanda ba kasafai ake gani ba daga 101 zuwa 500, mai wuyar samu daga 501 zuwa 5,000, mai tsananin wuya har 50,000, sai na almara da ya haura haka. Kaya mai zinari 5,000 ladan maƙeri ne na kusan shekara bakwai, bai ci ba bai sha ba. Ba wanda zai biyo ta kasuwa ya ga irin wannan ya ce a ƙunsa masa. Masu sayensa ƙalilan ne, kuma kowa ya san su: fada, manyan attajirai, gidajen bauta, ƙungiyar masu sihiri, wasu jarumai irin naka, sai shugabannin ɓarayi. Kowannensu yana da dalilin da ya sa yake so, dalilin nan kuwa shi ne labarinka na mako mai zuwa.

Shi ya sa na ce dillanci. Ka tuna yadda ake cinikin ingarman doki ko gida. Ba a baje shi a faifai. Mai shi yakan faɗa wa dillali, dillali ya kai magana kunnen wanda ya san yana nema, a zo a duba, a taya, a ce albarka, a tafi a dawo, in an daidaita a sallama a gaban shaidu, dillali ya karɓi la'adarsa. Dokar sayarwa ta littafin 2014 kusan haka take. Jarumi yakan yi gwajin bincike mai wahalar 20, wato jifar ɗan ludo da sai jimillarta ta kai 20, kafin ya sami mai saye, neman kuma yana cin kwanaki gwargwadon darajar kayan. In an samu, sai a jefa ɗan ludo na ɗari a ƙara gwajin iya lallashi. Ƙaramin sakamako yana kawo mai tayin kashi ɗaya cikin goma na kuɗin. Matsakaici yana kawo mutum biyu: mai mutunci da zai ba da rabi, da wani marar gaskiya da zai biya duka. Mafi girman sakamako shi ne marar gaskiyar da zai ba da kuɗi ɗaya da rabi, ba tambaya. Wannan tsarin yana burge ni ƙwarai, domin ya sa riba mafi tsoka a hannun mutumin da bai kamata a sayar masa ba. Ka bar 'yan wasanka su yi ta muhawara a kan ko za su miƙa sandar wuta ga wanda ya ƙi faɗin sunansa. In sun miƙa, bayan zama biyu a ji an ƙone rumbun hatsin gari da ita, dogarai kuma su zo ƙofar shago suna tambayar daga ina ta fito.

In kana son hanya mai sauƙi, littafin ƙarin dokoki na Xanathar's Guide to Everything na 2017 ya taƙaita abin. Sayarwa tana cin mako ɗaya na aiki da zinari 25 na yaɗa magana, sai gwajin lallashi guda ya nuna ko an taya rabi, ko cikakke, ko ɗaya da rabi. Farashin tushe a can, bi da bi ga gidaje biyar ɗin nan, 100 ne, 400, 4,000, 40,000 da 200,000, a raba biyu in kayan na amfani sau ɗaya ne kamar magani ko rubutacciyar takarda. Sabon littafin jagora na 2024 ma waɗannan alƙaluman ya ɗauka. Saye kuwa a Xanathar's yana cin mako da aƙalla zinari 100 kafin ma a ga abin da ke kasuwa. Ni da wannan nake aiki, sai in ƙara la'adar kashi goma cikin ɗari idan kayan na wani ne aka ba su su sayar. Kashi goman nan nawa ne, ba na littafi ba.

Yanzu tsoronka na biyu, wanda ya fi na farko tushe. Kada ka yarda da rukunin kaya ido rufe, domin rukunin bai auna ƙarfin abu daidai ba. A littafin 2014 tsintsiyar tashi sama tana rukuni na biyu, zinari 500 ya saye ta, ba ta ƙarewa, ba ta ma buƙatar jarumi ya ɗaura ta da ransa, wato ya ƙulla alaƙa da ita kafin sihirinta ya yi masa aiki. Maganin tashi sama kuwa, da ake sha sau ɗaya ya yi awa guda, yana rukuni na huɗu. In ka buɗe littafi ka ce kowa ya zaɓa, da zinari 3,000 ɗin nan jarumanka huɗu za su hau tsintsiya, daga ranar kuma ganuwa da kogi da rami da duk dabbar da ba ta harbi sun daina zama matsala. Haka butar da ruwanta ba ya ƙarewa: a garin da ke bakin hamada ba kayan zinari 500 ba ce, abin da sarakuna za su yi yaƙi a kansa ne. Saboda haka kai ne za ka rubuta abin da ya shigo kasuwa, ba su ba. Kafin kowane zama ka tanadi kaya uku ko huɗu, kowanne da mai shi da tarihin yadda ya zo hannunsa. Wanda ka san zai rusa maka wasa, kawai bai shigo garin ba. In ɗan wasa ya nace yana son wani abu takamaimai, ka ce dillalai sun ji labarin wata tsohuwar jaruma a wani gari da take da shi, amma ba kuɗi take so ba, aiki take so a yi mata.

Akwai kuma birki da dokar ta riga ta saka: jarumi ba ya ɗaura kaya fiye da uku da ransa a lokaci guda, mafi yawan kaya masu ƙarfi kuwa sai an ɗaura. Ƙira ma ba ta da sauri. A dokar 2014 aikin zinari 25 ake yi a rana, don haka kaya na rukuni na biyu kwana 20 ne, na uku kwana 200, na huɗu kwana 2,000. Ba za su cika kanta da aikin hannunsu ba.

Girman gari ma ka sa shi a lissafi. Bugu na uku, wanda ya fito a 2000, ya ɗauki sayen kayan sihiri a matsayin abin da aka saba, har ya yanka wa kowane gari iyaka: ƙaramin gari ba a samun abin da ya wuce zinari 800, babbar alkarya kuwa har 100,000. Pathfinder, wani wasa irin wannan na kamfanin Paizo, ya bi wannan sawu, ya ce abin da bai wuce ƙimar garin ba akwai damar kashi 75 cikin ɗari a same shi. Bugu na biyar ya janye daga wannan, ya ce yawancin kayan sihiri ba na kasuwa ba ne. Kana iya aron iyakar garin ka bar sauran. Sai dai in a duniyar Eberron kuke wasa, wadda Keith Baker ya ƙirƙira ta fito a 2004, inda gidan Cannith ke ƙera ƙananan kayan sihiri kamar masana'anta. A can shago mai kanta ya dace, amma ko a can ƙananan kaya ne suka yawaita, manyan suna da wuya.

Ga yadda zan shimfiɗa shagon da a teburina ne. Gaba akwai kanta: magungunan warkarwa, takardun ƙananan sihiri, tawada, ganyaye, 'yan kayan gama-gari irin su alkyabbar da ke kaɗawa ba iska. Wannan ɓangaren yaron shago ne ke riƙe da shi, jifa ɗaya a wata ta wadatar. Ka ba yaron suna da hali da uwa da ke jiran albashinsa, domin ranar da aka fasa shagon shi za su fara tambaya kafin kaya. Ciki kuma akwai ɗakin da ake shimfiɗa darduma a kawo shayi, inda ake maganar manyan kaya. Nan ne wasan yake.

A ɗakin cikin nan kada ka manta da tantancewa, don ita ce sana'ar da za ta fi kawo musu mutane. Sihirin gane kaya yana buƙatar lu'ulu'u mai zinari 100 da gashin mujiya, lu'ulu'un kuma ba ya ƙarewa, saboda haka jari ne na sau ɗaya. Mutane za su riƙa kawo abin da suka gada ko suka tono a duba musu. Amma littafin ya faɗa a sarari cewa yawancin hanyoyin tantancewa, har da wannan sihirin, ba sa tona la'anar da ke jikin kaya. Wata rana za su sayar da zobe da zuciya ɗaya, bayan mako mai saye ya dawo ya kasa cire shi, danginsa na biye da shi. Su mayar da kuɗi? Su nemo mai karya la'anar? Su bi sawun wanda ya kawo musu zoben? Ka yi wannan sau ɗaya tak, kuma ka bar wata alama tun farko da mai lura zai iya gani, misali mai kawowar ya sallama da wuri ba tare da ya ja ciniki ba. In ka maimaita, za su daina amincewa da kowa, shagon ya mutu.

Abu na ƙarshe da nake roƙonka shi ne ka kula da sauran mutum ukun. Wanda ya kawo shawarar zai so ya yi awa guda yana ciniki a kan kowace kwalba, sauran suna zaune suna duba waya. Ka yanke: ƙaramin ciniki jifa ɗaya ne, lissafin wata kuma a yi shi ta WhatsApp tsakanin zama da zama. Abin da ake kawowa tebur shi ne cinikin da ke da hatsari ko zaɓi mai nauyi. Ka kuma raba aiki yadda kowa zai sami nasa. Mai sihiri ya tantance, mai bakin zuma ya yi ciniki, ɓarawon ƙungiya ya binciko asalin kaya da masu saye, mayaƙi ya raka kaya zuwa wani gari ko ya tsaya wa masu karɓar kuɗin ƙasa.

A Asabar mai zuwa ka sa mai gidan haya ya nemi kuɗin wata shida a gaba, sarkin kasuwa ya nemi shaidar wani babba kafin ya ba su izini, sannan kafin su gama share shagon wata mata ta shigo da takobin mijinta da ya rasu a naɗe cikin zane, ta ce a sayar mata kafin ƙannensa su iso garin jibi.