Amsoshin Masu Karatu: Uwar garke, yasar rijiya da gyaran gangar Auzinawa

Wani matashi da ke kula da kwamfutocin wata makaranta a Garwa ya rubuto: "Malam, da manhajar Ansible nake saita sabobinmu, kuma ina taimaka wa masu kula da wani ɓangarenta. Da Baba ya tambaye ni aikina na ce gyara ne, sai ya ɗauka sukudireba nake riƙewa. Wace kalma ce ta dace?"

Ɗana, Baba bai yi kuskure ba, kalmar da ka ba shi ce ta gaza. Gyara yana zuwa ne bayan ɓaci: sai keke ya lalace ake kai shi wurin mai gyara. Naka aikin kuwa yawancinsa kafin ɓaci ne. Muna da kula, da riƙo, da tattali. Kula sa ido ne. Riƙo na ɗauke da amana, kamar riƙon ɗan wani ko riƙon sarauta, abin ba naka ba ne amma a wuyanka yake. Tattali shi ne lallaɓa abu don ya daɗe. Ga wanda ake jira ya duba gudummawar wasu ya karɓa ko ya mayar, ni "mai riƙo" na zaɓa.

Amma in kana so Baba ya gane nan take, ce masa yasar rijiya kake yi. Ansible, manhajar saita kwamfutoci da yawa a lokaci guda, wadda Michael DeHaan ya fara a 2012, kamfanin Red Hat ya saya a 2015, rijiyar unguwa ce: rubutunta a buɗe yake, kowa na iya karantawa, ya canza, ya raba. Shi ya sa ba na son a fassara irin wannan manhaja da "ta kyauta" kawai. Kyauta an ba ka ne an gama. Rijiya kuwa kowace shekara ƙasa na zubawa ciki. An rubuta Ansible da harshen kwamfuta mai suna Python, kuma duk lokacin da Python ko manhajojin tafiyar da kwamfuta irin su Debian da Ubuntu suka fitar da sabon zubi, wani abu da ke aiki jiya na iya tsayawa yau. Masu ɗiba dubbai ne, masu shiga su yashe ƙalilan. Wannan yana damuna ƙwarai, don haka na ji daɗi da na ga ɗan Garwa cikin masu shiga.

Ita kuwa "saba" da ka rubuta jam'inta, "sabobi", aro ce daga "server" ta Turanci, kuma a rubuce tana rikicewa da saba ta sabo da saɓa ta saɓani. Marubutan Hausa sun daɗe da ƙirƙiro "uwar garke", watau kwamfutar da sauran ke bi suna sha daga gare ta. A ƙasar Adamawa ba sai an yi wa kowa bayaninta ba. Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai. Ma'aikatan wannan fanni a Amurka suna da wata magana, wai a ɗauki uwayen garke kamar shanu, ba kamar karen gida ba, ma'ana kada a shaƙu da ɗaya, in ta lalace a kafa wata. Kada ka kawo wannan misali Ngaundare. Makiyayinmu ya san kowace saniya da sunanta da uwarta, sai ya fahimci akasin abin da kake nufi. Ka ce tubali: in ɗaya ya fashe, a buga wani a ma'auni guda.

Wata malama daga Injamena ta tambaya: "Akwai sharaɗin da ake gindaya wa waɗannan manhajoji, cewa ko sau nawa aka maimaita umarni sakamakon ya zama ɗaya. Hausa na da suna gare shi?"

Malama, kalma guda dai ba mu gada ba, amma nahawunmu ya riga ya rarrabe abin. Ki ce wa yaro "zuba guga ɗaya a randa". In kika faɗa sau biyar, guga biyar zai zuba, ruwa ya malale a tsakar gida. Ki ce masa "randa ta kasance cike". Zai leƙa. In da saura ya ƙarasa, in a cike take ya koma wasansa. Na farko umarnin aiki ne, na biyu faɗin hali ne. Fayilolin umarni da ake rubuta wa Ansible, masu tsarin rubutu da ake kira YAML, irin na biyun ake so su zama: manhaja kaza ta kasance a girke, ƙofa kaza ta kasance a rufe. Haka tsarin yake tun manhajojin da suka riga ta, CFEngine ta Mark Burgess a 1993 da Puppet a 2005.

Dubi kuma fi'ilanmu masu ƙarewa da wasalin u: gyaru, rufu, daidaitu, saitu. Suna nuna cewa abu ya kai matsayin da ake nema har babu sauran yi. Wanda ya daidaitu ba a sake daidaita shi. Saboda haka ina ba da shawarar "maimaici ba ƙari". Ana ma gwada wannan kai tsaye. Molecule, kayan gwajin da ake haɗawa da Ansible, yana kafa kwamfutar wucin gadi a cikin Docker ko Podman, manhajojin da ke keɓe irinta a cikin kwamfutarka, ya gudanar da umarnin, ya sake gudanarwa karo na biyu. In zagaye na biyu ya ba da rahoton ya canza ko da abu ɗaya, gwajin ya faɗi. Daga nan ya rushe kwamfutar.

Wani ɗalibi a Marwa ya ce: gwaji ko jarrabawa?

Gwaji. Jarrabawa daga Larabci take, kuma ta fi zama a kan mutum, a aji ko a rayuwa. Gwada tamu ce, tana nufin aunawa, a bakin Sakkwatawa da Katsinawa kuma tana nufin nunawa, kamar "gwada mini hanya". Duka biyun sun dace, domin gwaji yana auna rubutunka kuma yana nuna maka inda ya karkace.

Shi ɗalibin ya ƙara da tambayar ma'anar "gyaran gangar Auzinawa", wadda ya ce shugabansa ya jefe shi da ita ranar da ya taɓa layi ɗaya intanet ɗin ofis ta ɗauke. Auzinawa su ne Abzinawa, mutanen Abzin, kuma ana faɗin maganar ga gyaran da ya bar abu ya fi da lalacewa. 'Yar'uwarta ita ce "garin neman gira a rasa ido". Ɗana, ban ga laifinka da yawa ba, amma ka lura da inda haɗarin yake. Mai saita kwamfuta da hannu, in ya yi kuskure, guda ɗaya ya ɓata. Ansible kuwa ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, take shiga duk kwamfutocin da ke jerinka, kuskure ɗaya sai ya isa gida ɗari kafin ka ajiye kofin shayi. Don haka aka tanadi umarnin --check, wanda ke faɗa maka abin da zai canza ba tare da ya taɓa komai ba, da --diff mai jera tsohon layi kusa da sabo, da --limit wanda ke tsare aikin a kan kwamfuta ɗaya. Fara da wadda in ta tsaya ba wanda zai kwana bai karɓi albashi ba, ka bar ta ta wuni tana aiki, sannan ka saki sauran.