Amsa: Malami zai iya koyar da tarihin tsarin mulki ba tare da ɓangaranci ba?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko malami zai iya koyar da tarihin tsarin mulki da haƙƙin ɗan ƙasa ba tare da ra'ayinsa na siyasa ya kutso ba. A ganina son kai mafi illa yana ɓuya ne cikin abin da aka tsallake, ya fi wanda ke fita daga bakin malami.

Ɗauki tsarin mulkin Amurka da aka rubuta a 1787. Wani malami zai cika aji da zancen raba iko tsakanin majalisa, shugaban ƙasa da kotu, bai ce uffan ba kan sashen da ya ƙidaya bayi biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujerun majalisa. Wani kuma wannan sashen kaɗai zai riƙe, sai ka ce ba a yi gyara na 13 a 1865 da ya haramta bauta ba. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma ɗalibi ya tashi da rabin labari.

Ni dai na fi son a miƙa wa ɗalibai takardar su karanta da kansu, tare da hujjojin magoya bayanta da na masu adawa da ita, don matsin 'yan adawar ne ya sa aka ƙara gyare-gyare goma na haƙƙin jama'a a 1791. A jarrabawa kuma a duba ƙarfin hujjar yaro, ko da ya saɓa wa malam. Jam'iyyar da malam ke so kuwa, ya bar ta a ƙofar aji.