Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Abin da Korona Ke Bari a Jiki Bayan An Warke

Yawancin tambayoyin da suka iso mini a wannan karon sun fito ne daga mutanen da suka yi fama da cutar korona, ko kuma daga iyalansu, waɗanda har yanzu ba su koma yadda suke a da ba.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Katsina: Likita, shin da gaske ne mutum zai warke daga korona amma ta ci gaba da damunsa? Ni na ɗauka cutar ta wuce tun tuni.

Amsa: Da gaske ne, Malam. A watan Oktoba na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan larura da cewa alamomi ne da mutum ke ɗauke da su watanni 3 bayan kamuwa, waɗanda suka ɗauki aƙalla watanni 2, kuma aka bincika ba a sami wata cutar da ke haddasa su ba. Waɗanda suka fi yawa su ne gajiya mai tsanani, da haki, da mantuwa, da bugun zuciya da sauri. Janye matakin ta-ɓaci da hukumar ta yi a watan Mayu na 2023 bai nufin ƙwayar cutar ta ɓace ba, domin har yanzu ana kamuwa da ita.

Tambaya daga wata matar aure a Gusau: Wanda ke da waɗannan alamomi zai iya shafa wa mutanen gida?

Amsa: A'a, Malama. Lokacin yaɗa cutar ya wuce tun a makonnin farko, saboda haka ku ci abinci tare, kada ku ware shi.

Tambaya daga wata Hajiya a Kano: An kwantar da maigidana a asibiti a 2021 har aka sa masa iskar oksijin. Tun daga lokacin yake haki idan ya yi tafiya. Wani mai kemis ya ba shi deksa, ya ce da ita ake maganin korona, kuma ya ji sauƙi, yanzu watanni ke nan kullum sai ya sha. Amma fuskarsa ta kumbura, yana yawan fitsari da jin ƙishirwa. Shin ya kamata ya daina sha?

Amsa: Hajiya, wannan ita ce tambayar da ta fi tayar mini da hankali, kuma zan fara da abin da ya fi gaggawa: kada ya daina shan maganin farat ɗaya, kuma kada ya ci gaba da shansa a gida ba tare da likita ya gan shi ba. Ku kai shi asibiti cikin wannan mako, ku tafi da kwalin maganin a hannu, ku faɗa wa likita tun yaushe ya fara da kuma ƙwaya nawa yake sha a rana.

Mai kemis ɗin ya riƙe guntun gaskiya ne ya yi ɓarna da shi. A watan Yuni na 2020 wani babban bincike da aka gudanar a Birtaniya ya nuna cewa deksametason, wato deksa ɗin da kika ambata, yana rage mace-mace a tsakanin masu korona da ke kwance a asibiti suna buƙatar oksijin ko na'urar taimaka wa numfashi. An ba su ne na kwanaki 10 ko ƙasa da haka, a ƙarƙashin kulawar likitoci, kuma binciken bai nuna wani amfani ba ga waɗanda ba sa buƙatar oksijin. Babu wanda ya taɓa cewa a sha shi tsawon watanni saboda hakin da ya rage bayan an warke. Wannan magani yana danne kumburi, yana buɗe ciki, yana sa mutum ya ji kamar ƙarfinsa ya dawo, shi ya sa yake yaudarar mutane, kuma shi ne dai wanda wasu 'yan mata ke sha don su yi ƙiba. A ƙarƙashin wannan jin daɗi yana ɗaga sukarin jini, yana ɗaga hawan jini, yana cinye ƙarfin ƙashi, yana kuma raunana garkuwar jiki har tsohon tarin fuka da ke kwance ya samu damar tashi. Kumburin fuskar da kika ambata aikin maganin ne, yawan fitsari da ƙishirwa kuwa alamun ciwon sukari ne, don haka gwajin sukari shi ne abu na farko da za a yi masa.

An riga an ga irin wannan ɓarna a wata ƙasa. A lokacin annobar SARS ta 2003, wadda 'yar'uwar korona ce, an ba marasa lafiya a Hong Kong da Beijin irin waɗannan magunguna da yawa don ceton rayukansu, daga baya wasu daga cikinsu kan ƙashin cinyarsu ya mutu a wurin da yake haɗuwa da ƙugu, har tafiya ta gagare su. Wannan fa a asibiti ne, a hannun likitoci, ina kuma ga wanda ke saye a shago ba tare da awo ba?

Dalilin da ya sa na ce kada ya tsaya farat ɗaya shi ne, akwai wasu ƙananan sassa biyu a saman ƙoda da ke samar wa jiki sinadari mai kama da wannan magani, kuma idan aka daɗe ana shan maganin sai su daina aiki. Idan aka yanke shi kwatsam, jiki zai wayi gari babu na waje babu na ciki, jini ya faɗi ƙasa, mutum ya yi ta amai, ya galabaita, har ya iya rasa ransa. Likita ne zai rage masa shi sannu a hankali. Hakin kuma dole a binciki asalinsa da hoton ƙirji da gwajin zuciya da na jini, domin wanda aka taɓa sa wa oksijin yana iya samun tabo a huhu. Abin yana ba ni takaici ƙwarai yadda ake sayar da wannan magani a gefen titi ba tare da takardar likita ba. Ina roƙonki, Hajiya, kada ku jira sai ya faɗi.

Tambaya daga wata ɗaliba a Zariya: Tun da na yi zazzaɓi da mura na daina jin ƙamshi, yanzu kuma nama da albasa wari suke yi mini.

Amsa: Wannan juyewar ƙamshi takan zo ne lokacin da jijiyoyin hanci ke farfaɗowa, kuma yawancin mutane suna samun sauƙi a hankali. Ki riƙa shaƙar kanumfari da lemun tsami da citta da na'a-na'a, kowanne na ɗan lokaci, safe da yamma, na tsawon watanni 3 aƙalla. Kada ki ɗiga komai a hanci, kuma ki sa wani ya riƙa duba miki gas da abincin da ya kwana tun da hancinki ba zai faɗakar da ke ba.

Tambaya daga wani direban babbar mota a Maraɗi: Gajiya ta hana ni aiki. An yi mini maganin maleriya da taifot sau da yawa, an ƙara mini ruwa, amma duk ranar da na yi aikin ƙarfi sai na kwanta kwana biyu.

Amsa: Malam, ba kowace kasala ce maleriya da taifot ba, kuma ƙarin ruwa ga mutumin da ke iya shan ruwa da bakinsa asarar kuɗi ce kawai. Ka je asibiti a auna maka yawan jini da sukari da hawan jini, a duba ƙoda da hanta, domin waɗannan su ma suna kawo gajiya kuma suna da magani. Idan duk aka same su lafiya, to abin da ka kwatanta, wato kwanciya bayan aiki da kwana ɗaya ko biyu, sanannen abu ne ga waɗanda korona ta bar wa larura. A irin wannan hali dagewa da matsa wa jiki yana mayar da mutum baya ne. Ka raba aikinka kashi-kashi, ka huta tun kafin ka gaji, ka bar dako da sauke kaya ga yaran mota, kuma kada ka nemi ƙarfi a wurin tiramol ko lemukan ƙara kuzari. Idan jiri na ɗibarka ko barci na fizgarka, ka ajiye tuƙi har sai likita ya duba ka, saboda rayukan mutane na hannunka.

Tambaya daga wani magidanci a Bauchi: Mahaifiyarmu ta koma yawan mantuwa tun bayan rashin lafiyarta, 'yan'uwa suna cewa sammu ne.

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Mantuwa da wahalar tattara hankali suna cikin alamomin da likitoci suka tabbatar a ƙasashe da dama, a wurin mutanen da babu abin da ya haɗa su sai wannan cuta, don haka kada ku zargi kowa. Ku ci gaba da addu'a, amma ku kai ta asibiti, kuma kada a rufe ta a ɗaki ana yi mata hayaƙi, domin huhun da ya sha wuya ba ya jure hayaƙi. Idan kuka ga bakinta ya karkace, ko hannu ko ƙafa ya saki, ko maganarta ta sarƙe, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, a garzaya da ita asibiti a wannan sa'a.

Tambaya daga wani tela a Jos: Har yanzu ina tari, ina ramewa, ina gumin dare. Ragowar korona ce?

Amsa: Kada ka ɗora wa korona wannan tukuna. Duk tarin da ya wuce makonni 2, musamman tare da rama da gumin dare, tarin fuka ake fara nema, kuma gwajin majina da maganinsa na watanni 6 kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya. Ka je gobe da safe, kuma idan aka tabbatar da shi a duba mutanen gidanka da yaran shagonka. Idan ka ga jini a majina, ko ka ji ciwon ƙirji tare da sarƙewar numfashi, kada ka jira goben ma.