Shuɗi ko Kore? Amsa ga Masu Son Sauya Bayan Bidiyo

Tambaya: Da waya nake haɗa bidiyo. Ina so in riƙa cire bangon ɗakina in sa wani wuri a bayana. Na ga ƙyallen bango shuɗi, na ga kore. Wanne zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka kai hannu aljihu, duba kayan da ka fi sawa. Dabarar nan da ake kira kuroma-ki ba ta san mutum ba, launi kawai ta sani. Ka nuna mata launi ɗaya, ita kuma ta share shi duk inda ta gan shi. Ka sa shuɗiyar riga gaban shuɗin ƙyalle, sai ka ga kanka yana shawagi ba gangar jiki. An zaɓi launukan biyu ne don sun yi nisa da launin fatar mutum, baƙi ne ko fari.

Shuɗi shi ne tsohon hannu. Tun 1940 Larry Butler, wani gwanin dabarun haɗa hoto, ya yi aiki da shi a fim har ya ci kyautar Oscar, daga baya wani injiniya, Petro Vlahos, ya ƙara gyara fasahar. Amma da kyamarorin dijital suka zo sai kore ya yi gaba. Dalili kuwa yana cikin idon kyamarar. A tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976, wanda yawancin kyamarori ke bi, cikin kowane ɗigo huɗu masu karɓar haske biyu na kore ne, ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Shi ya sa kore ke fita tas ko da fitilarka ba ta taka kara ta karya ba, shuɗi kuwa da haske ya yi ƙaranci sai ka ga hoto ya yi kamar an watsa masa yashi.

Kore ma yana da nasa hali: naso. Yana maido da haske da yawa, sai ka tarar gefen kunne, gilashin ido da farar riga duk sun yi kore-kore. Shuɗi bai kai shi wannan ɓarna ba, ya kuma fi dacewa idan dare za ka sa a baya, ko kana riƙe da ganye ko wani abu kore. Tunda waya ce a hannunka, ni dai kore zan ce ka saya.

Kuma kada tsada ta ruɗe ka. Abin dubawa shi ne yadin kada ya yi sheƙi. Na taɓa sayen wani mai santsi don ya burge ni a hoton talla. Ina kunna fitila tsakiyarsa ta yi fari fat, gefuna suka yi duhu, manhaja ta ga launi uku a ƙyalle ɗaya. Yadin auduga mai kauri, ko bango mai sumul da aka yi wa fenti marar ƙyalli, ya fi shi sau goma.

Tambaya: Ina da koren ƙyalle, amma idan na cire shi gefen jikina yana fita a cicciye, musamman yatsu. In sayi manhaja ta kuɗi ne?

Amsa: 'Yar'uwa, riƙe kuɗinki. Ba a manhaja ciwon yake ba, tun wurin ɗauka aka samo shi. Ki yi wa ƙyallen guga, ki ja shi ya miƙe, domin kowace yamutsa inuwa ce, inuwa kuma wani launi ne daban a wurin kwamfuta. Ki matso gaba kamar mita biyu daga jikinsa, inuwarki ta faɗi a ƙasa, naso ma ya ragu. Fitila biyu su haska ƙyallen daga dama da hagu, ke kuma taki daban. Ki danna fuskar wayar ki kulle haske kada ya riƙa sauyawa da kansa.

Yatsu kuwa, idan hannu ya gilma da sauri hoton yana yin dishi-dishi, fata ta cakuɗe da kore. Ƙarin haske yana rage wannan. Wayoyi kuma suna adana bayanin launi ne kashi ɗaya cikin huɗu na bayanin haske, don haka kada ki ƙara wa Borno dawaki ta hanyar tura bidiyon ta WhatsApp kafin ki tace shi; matse shi ake yi. Ki ɗauke shi zuwa kwamfuta da kebul.

Idan har yanzu kina son sauya manhaja, DaVinci Resolve yana da sigar kyauta mai ƙarfi, sai dai yana son kwamfuta mai jini a jika. Shotcut da Kdenlive kyauta ne kuma sun fi sauƙin nauyi. Ga mai watsa shiri kai tsaye akwai OBS Studio.

Tambaya: Manhajoji irin su CapCut suna cire baya ba tare da ƙyalle ba. To, meye amfanin saye?

Amsa: Idan zama kake yi wuri ɗaya kana magana, gwada hakan tukuna, wataƙila ya ishe ka. Amma ɗaga kofi ko littafi ka juya shi gaban kyamara, ka kalli abin da ya fito. Idan rabin kofin yana ɓacewa yana dawowa, je ka sayo ƙyallenka.