Sikana ko injin sassaƙa: wanne mai haɗa haƙora a Damagaram zai fara saye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai haɗa haƙora ne a Damagaram, shekarata tara ina aiki da hannu: filasta, kaki, haƙoran roba na cirewa, sai hular ƙarfe ta rufe haƙori jefi-jefi. Yanzu likitocin da ke ba ni aiki sun fara tambayar zirkoniya, farin abu mai tauri da ake yin hular haƙori da shi. Wani dillali ya yi mini tayin sikana da injin sassaƙa na kamfani guda, wani kuma yana da injin na hannu daga Turai, da araha. Kuɗina ba za su ɗauki duka ba. Da wanne zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka fara da sikana da manhajar zane, ka bar injin tukuna. Na san ba abin da kake son ji ke nan ba, don injin shi ne mai ƙara, shi ake nuna wa baƙo. Amma bari in faɗa maka dalili.

Aikin nan hawa uku ne. Sikana ta ɗauki siffar samfurin filasta ta mai da ita fayil, kai ka zana hular ko gadar (haɗaɗɗun haƙoran da ke cike giɓi) a kwamfuta, sannan inji ya sassaƙa ta daga faifan zirkoniya. Ba sabon abu ba ne: tun 1985 aka sa wa mutum na farko cikon da na'urar CEREC ta sassaƙa a Jami'ar Zurich. A cikin ukun nan, na tsakiya ne sana'arka. Bakin hula, haɗuwarta da maƙwabtanta, yadda haƙorin sama zai sauka a kanta, duk idon da ka yi shekara tara kana wasawa ne zai yanke su. Inji ba ya gyara mummunan zane, sassaƙa shi zai yi yadda ka ba shi. Kuma fayil ba ya shiga mota: ka tura shi ta intanet ga ɗakin da ke da inji, a Yamai ne ko Kano, hular ce kaɗai za ta yi tafiyar dawowa. Yamai kusan kilomita 900 ce, Kano ba ta kai 300 ba, amma mun ga yadda iyaka ke rufewa ba sallama, don haka ka nemi wuri biyu.

Wajen zaɓen sikana, tambayarka ta fari ga dillali ita ce: tana fitar da fayil na STL ko PLY da kowace manhaja za ta buɗe? In ya fara kame-kame, ka tashi. Akwai kayan da aka kulle su, sikanar ba ta magana sai da injin gidansu, injin kuma ba ya cin faifai sai nasu. Wannan tayi na kamfani guda da aka yi maka, nan za ka fara bincikarsa. A Turai mai irin wannan kaya yana da wakili a bayan gida. Kai in faifansu ya yanke, zama za ka yi.

Sikanonin tebur da ake yawan gani su ne na 3Shape daga Danmak, Medit daga Koriya ta Kudu, da Shining 3D daga Sin. Kada lambobin da ke jikin takardar talla su ruɗe ka. Wannan ya ce kuskuren tasa maikuron 4 ne (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wancan ya ce 7 ko 10, alhali a aikin baki giɓin bakin hula da bai wuce maikuron 120 ba ana karɓarsa. Duk sun isa. Inda kuskure ke shigowa a wurinmu tun kafin sikanar ne: awon baki na aljinat (ƙullun da likita ke ɗaukar siffar haƙora da shi) da aka bari a tebur cikin bushewar hunturu ya riga ya motsa kafin a zuba masa filasta. Ka roƙi likitocinka su riƙa ɗaukar awon hula da silikon, wannan zai fi maka sikana mai tsada amfani. Abin da za ka duba a jikin sikanar: tana ɗaukar samfuri a kan atikileta, na'urar da ke kwaikwayon haɗuwar muƙamuƙi? Farantin daidaita ta yana cikin kwalin? Ka riƙa daidaita ta a kai a kai, musamman in yanayin ɗakin ya canza.

Manhaja kuwa, exocad ta Jamus da Dental System ta 3Shape su suka fi yawa a hannun mutane, kuma masu koyar da su sun fi sauƙin samu. Ka sa a rubuta maka ko lasisin na dindindin ne ko na shekara-shekara, da abin da zai faru ranar da ba ka biya ba. Kwamfutar ma ba ta ofis ba ce. Tana son katin hoto mai ƙarfi da ƙwaƙwalwar aiki giga 16 ko sama.

To, mu zo kan injin, don wata rana za ka saye shi.

Wanda ya ce maka ga kuɗin inji, rabin magana ya faɗa. Zirkoniya ana sassaƙa ta tana da taushi kamar alli, kuma da gangan ake yin ta da girma, don za ta tsuke da kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari a wuta. Wutar nan ta tanderu ce mai kai digiri 1,450 zuwa 1,550, a hau a hankali, a sauka a hankali, sa'o'i bakwai ko takwas ko fiye. Ka ga ke nan tanderu dole ne. Sai kwamfuresa marar mai da ke ba da busasshiyar iska (wasu injina suna son matsin iska bar 6 ko sama), sai na'urar zuƙe ƙura, don garin zirkoniya ba abin shaƙa ba ne, sai bakunan sassaƙa masu cinyewa, sai manhajar da ke jera aiki a faifai.

Duk wannan a kan kuran ya dogara, kuma kai ka fi ni sanin halinsa a watan Afrilu da Mayu. Ba mu manta 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. In kuran ya ɗauke inji yana tsakar aiki, ka yi asarar hula ɗaya, wataƙila da bakin sassaƙa guda. In ya ɗauke tanderu yana sama, duk abin da ke ciki na iya fita da launi marar kyau ko ya ƙi zama a kan haƙori. Tanderu yana jan kilowat biyu zuwa uku, ƙaramin ondila na kwamfuta ba zai riƙe shi ba. Sai gurup mai kyau ko hasken rana da batura masu yawa, da regilata a gaban komai. Ɗakin kuma ya zama rufaffe mai kilim, nesa da inda kake yankan filasta. Ƙurar hunturu da ke shiga har cikin akwatin tufafi ba za ta ƙyale madubin sikana ko sandunan inji ba.

Irin injin da zan zaɓa maka: na busasshen aiki, mai juyi biyar (wato mai motsi ta fuska biyar), mai cin faifan milimita 98 da yawancin kamfanoni ke yi. Zai yi maka zirkoniya, robar PMMA ta haƙoran wucin gadi da kaki. DWX-52D na DGSHAPE da K5 na vhf misalai ne na wannan aji. Na ruwa na gilashin yumɓu ne irin e.max CAD, yana son tanderunsa daban mai digiri kamar 850, yana son ruwa mai tsabta, a garin da ruwa ke da daraja. Sassaƙa ƙarfe ma ka cire shi daga lissafi yanzu.

Shi kuwa na hannun nan, ba haramun ba ne, amma arha ba ta ado. Zuciyar inji ita ce dunƙulen da ke juya bakin sassaƙa, yana da sa'o'in da yake yi kafin a canza shi, kuma injin yana ƙirga su. Ka ce a nuna maka lambar. Ka tambaya ko lasisin manhajar zai koma sunanka, ko har yanzu ana ƙera kayan gyaransa, da kuɗin duwan a wuyan wa yake. Sannan babbar tambaya, ga sabo da tsoho duka: ranar da ya tsaya, wa zai zo Damagaram, daga ina, cikin kwana nawa? Ni na fi son matsakaicin inji mai makaniki a kusa da gwanin inji marar mai duba shi.

Kafin nan, buɗe littafin aikinka ka ƙirga hula da gada nawa ka yi a wata uku. Faifai ɗaya yana ba da hula kamar ashirin, kuma kowane launi da kauri faifansa daban. In a wata ba ka cinye faifai ɗaya ba, turawa waje ta fi maka riba nesa. In ma haƙoran cirewa ne suka fi yawa, firintar 3D mai fitar da siffa ta fi kusa da bukatarka.

Duk dillalin da ya matsa, ka ba shi samfuri ɗaya na gadar haƙora uku, ya ɗauka da sikanarsa, ya sassaƙa da injinsa, ya ƙona ya kawo. Ka ɗora ta a kan samfurin, ka duba bakinta da madubin ƙara girma, sannan ku yi maganar kuɗi.